Ciwon Sukari da Ciwon Damuwa a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan cututtuka biyu waɗanda suka saba sauka a gida ɗaya, amma ɗaya kaɗai ake yi wa shimfiɗa. Na farko shi ne ciwon sukari, wanda yanzu ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Na biyu kuwa shi ne abin da likitoci da gidajen rediyo suke kira ciwon damuwa, wanda har yanzu mutane da yawa ba su yarda cewa ciwo ba ne. Za a duba al'amarin ne ta fuskar Dutsin-Ma da Kurfi, watau ƙasar 'Yandakan Katsina da ta Maraɗin Katsina, garuruwa biyu da ke kan hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi Ƙanƙara. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, an sami mutum kimanin 170,000 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, da kimanin 117,000 a ta Kurfi. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, amma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 sun tara wani rukuni na ma'aikata masu wuni a kan kujera, waɗanda su ma ciwon bai ƙyale ba.

Shi ciwon sukari bayaninsa ba shi da tsawo. Duk abincin da aka ci mai gari a ciki, tuwo ne ko fura ko shinkafa, jiki yakan narkar da shi ya koma sukari a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas, wadda take fitar da sinadarin insulin, shi kuwa aikinsa shi ne ya shigar da sukarin nan cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. In insulin ya ƙare, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini, mutum ya kama yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gajiya. Kashi 9 cikin 10 na masu ciwon irin na biyun ne ke damunsu, wanda yakan zo bayan an manyanta. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 a Afirka kudu da Sahara, miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wannan ciwo ba irin wanda Bahaushe ya saba da shi ba ne. A saninsa magani abu ne da ake sha kwana uku ko bakwai a miƙe. Wannan kuwa ba a rabuwa da shi, sai dai a yi ta lallaɓa shi har iyakar rai.

Sunan da ba a gama raɗawa ba

Ciwon damuwa ya fi wuyar bayani, wahalar kuwa daga harshe ta faro. Hausa ba ta rasa kalmomin ɓacin rai ba, yawa ma suka yi mata. Bahaushe ya raba abin da ke damunsa a wurare uku. Akwai ciki, inda ake samun farin ciki da baƙin ciki da zurfin ciki. Akwai rai, wanda yakan ɓaci, ya yi ƙunci, ko ya yi daɗi. Sa'an nan akwai zuciya, wadda takan karaya ko ta mutu. Amma duk waɗannan kalmomi suna nuna halin da mai lafiya yake shiga ne idan wani abu ya same shi, ba ɗaya daga cikinsu da ke nufin cuta. A ɗaya gefen kuma akwai hauka da taɓin hankali, waɗanda ba mai son a jingina masa su, balle a jingina wa zuriyarsa, domin magana ce da ke hana aure. Tsakanin baƙin ciki da hauka akwai fili mai faɗi wanda harshe bai kafa masa tuta ba, a cikin wannan fili ciwon damuwa yake zaune. Sunan da aka ba shi ma yana da rauni, domin wanda aka ce wa yana da damuwa zai iya amsawa da cewa, to, wa ya rasa ta?

Abin da likitoci suke nufi ya fi haka ƙayyadewa. Suna nufin mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, ransa a ƙuntace, ko kuwa ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa, tare da wasu alamu: barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, jiki ya mutu, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, har wani lokaci ya riƙa jin mutuwa ta fi masa. Sharaɗi kuma shi ne abin ya kai ga hana shi sana'arsa ko zama da iyalinsa.

Wannan rarrabewa ba Turawa ne suka fara ta ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda yake saukar wa mutum ba dalili ya hana shi walwala, ya kuma ce na biyun yana da tushe a jiki, yana bukatar magani. Turawan mulkin mallaka ma baya suka mai da hannun agogo. A 1953 wani likita mai suna Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi yana ganin wannan ciwo bai cika kama baƙar fata ba. Sai da Farfesa Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abekuta da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Yarabawa, suka buga sakamakonsu a 1963, kana aka ga alamun ciwon suna nan birjik. A 2007 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin da ya bincika a ƙasar Yarabawa sun taɓa fama da shi a rayuwarsu.

Yadda ɗaya ke jawo ɗaya

Tun a wajejen 1674 likitan Ingila Thomas Willis, wanda ya shahara da lura da zaƙin fitsarin masu wannan ciwo, ya ambaci doguwar baƙin ciki a cikin abubuwan da yake zaton suna haddasa shi. An yi shekara fiye da 300 kafin a auna zancensa da ma'auni. A 2001 wasu masana a Amurka suka tattara bincike 42, suka ga cewa mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa, kuma abin ya fi yawa ga mata, kashi 28 cikin 100, a kan maza, kashi 18. A 2008 aka sake wani tattarawa wanda ya nuna hanyar tana da zuwa tana da dawowa: mai ciwon damuwa haɗarin ya kamu da ciwon sukari yakan ƙaru da kashi 60 cikin 100, mai ciwon sukari kuwa haɗarin ya kamu da damuwa yakan ƙaru da kashi 15.

Dalilan suna cikin jiki, suna kuma cikin hali. Idan rai ya daɗe a ɓace, jiki yakan yawaita fitar da wani sinadari, kotisol, wanda aikinsa shi ne ya tara sukari a jini domin shirin gudu ko faɗa. Wannan alheri ne ga wanda kura ta biyo, amma musiba ne ga wanda zai yi shekara a haka. Rashin barci shi ma yana rage wa insulin ƙarfi. Ta fuskar hali kuwa, wanda zuciyarsa ta mutu ba zai tashi ya tafi asibiti ranar da aka ba shi ba, ba zai tuna da ƙwaya ba, ba zai duba tafin ƙafarsa ba. Sai sukari ya hau, jiki ya ƙara lalacewa, rai ya ƙara ɓaci. Bincike ya nuna cewa idan cututtukan biyu suka haɗu, haɗarin mutuwa yakan ƙaru da kusan rabi a kan na mai sukari kaɗai.

Akwai wani sakamako na 2011 da ya cancanci a tsaya a kansa. An ga cewa mutanen da sukarinsu ya hau amma ba a gaya musu ba, ciwon damuwa bai fi yawa a cikinsu ba a kan sauran jama'a. Waɗanda aka gaya wa, suka shiga hidimar magani, su ne abin ya fi kamawa. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin gwaji, domin ciwon da ba a sani ba yana nan yana cin ido da ƙoda a ɓoye. Abin da yake nunawa shi ne, kaso mai yawa na nauyin yana cikin zaman da mutum yake yi da ciwon ne, watau aljihunsa da akushinsa da matsayinsa a gida. Nan ne kuwa Dutsin-Ma da Kurfi suke da nasu labarin.

Kuɗi ne kan gaba. Ƙwayoyin metfomin da gilibenkilamaid na kullum ne, allurar insulin ta fi su tsada, ga kuma tsinken gwajin jini wanda sau ɗaya ake amfani da kowanne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar ce kuma manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka ba da sanarwar daina sayar da kayansu kai tsaye a Nijeriya. Ko da yake dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, manomi da ɗan tireda daga aljihu suke biya. Magidancin da zai zaɓa tsakanin kwanon masara da katin ƙwaya an san abin da zai zaɓa, sa'an nan ya kwana yana zargin kansa. Ma'aikacin da ya yi ritaya shi ma yana cikin wannan sahu, domin shekarun da ciwon ya fi kamawa su ne shekarun da albashi yake komawa fansho, ofis da masu gaisuwa su ɗauke ƙafa a rana ɗaya.

Sai abinci, wanda likita yakan gama zancensa cikin minti biyu, alhali kuwa shi ne ya fi taɓa zaman mutum. A ƙasar Hausa ci ba cika ciki ba ne kawai. Maƙwabta suna fito da akusa ƙofar gida a yi ciyayya, mata suna haɗa hannu a kwano ɗaya, baƙo da fura ake tarbarsa, safiya da koko da ƙosai, dare a teburin mai shayi. Ran da aka ce wa mutum ya bar waɗannan, an zare shi daga cikin jama'a ne ba tare da an sani ba. Za a riƙa yi masa tukunya dabam, ta acca ko alkama ko wake, a kai masa ɗaki ya ci shi kaɗai kamar mai laifi, uwargida kuma ta ga an ƙara mata aiki da cefane. Abin takaici shi ne yawancin wannan tsanani bai zama dole ba. Tuwon alkama bai fi na dawa da wani abin kirki ba wajen hawan sukari. Abin da ake bukata shi ne a rage malmala, a yawaita miya da ganye irin su zogale da rama da kuɓewa, a bar zuba sukari a fura da shayi, a bar lemon kwalba. Mutum yana iya yin duk wannan yana zaune a cikin 'yan'uwansa.

Illolin ciwon su ne na uku, kuma bincike ya tabbatar da cewa gwargwadon yawansu gwargwadon nauyin damuwa. Jijiyoyin ƙafa sukan mutu, manomi ya taka ƙaya ko kututturen kara bai ji ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wasu kuma zafi da raɗaɗi a tafin ƙafa ke hana su barci. Ido yakan dushe, malamin da ya saba duba littafi ya koma sai an karanta masa. Akwai kuma illa guda da ba a faɗa, ita ce raunin mazakuta, wanda yake samun maza da yawa masu wannan ciwo. Mai mata biyu ko uku da rabon kwana a kansa ba zai kai wannan magana asibiti ba. Wurin mai maganin basir ko na sanyi zai nufa ranar kasuwa, ya kashe kuɗi, ya dawo da abin da ya tafi da shi, har zargin sammu ya shiga gida. Mata kuwa nasu ya haɗa da yawan ƙaiƙayin gaba da ɓari da wahalar haihuwa, da tsoron kada a ce ta zama kaya a yi mata kishiya. Wadda ke cikin kulle ba ta da filin tafiyar da likita ya ce ta riƙa yi, wadda mijinta ya rasu kuwa sau da yawa da shi aka binne kuɗin maganinta.

Ba za a yi zancen wannan yanki a tsallake rashin tsaro ba. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, waɗanda ke bakin dajin Rugu, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga. Wanda ya kwana a daji yana ɓuya, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ko ya baro ƙauyensa ya raɓa a gidan dangi a gari, ya haɗu da abubuwan da aka fi sani suna haddasa ciwon damuwa, watau firgita da asara da rabuwa da gida. In mai sukari ne, a ranar gudun nan katinsa da ƙwayarsa suka salwanta.

Abin da ke ɓoye shi

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya a cikin halayen da ake auna mutum da su. Halaye ne masu kyau, su ne ma suke riƙe da mutane a cikin wahalar da aka zayyana. Amma suna da tsada a ɗakin likita. Majinyacin da aka ce wa, "Baba, yaya jiki?" amsarsa ita ce, "Da sauƙi," ko da kuwa bai runtsa ba tun shekaranjiya. Bafulatani ma ya fi haka, domin fulaku bai bar shi ya nuna ciwo ba. Wanda ya daure ya faɗa kuma, akan ce masa ya rage tunani, ko a ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Wannan hukunci ba shi da madafa ko a addini, domin Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ga idanunsa, kuma a tarihin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, akwai shekarar da aka sa wa suna shekarar baƙin ciki. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka ciwon yakan fito ne da harshen jiki. Mutum zai ce kansa yana zafi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko gabansa yana faɗuwa, ko jikinsa duk ya mutu. Ma'aikacin asibitin da layi ya yi wa yawa sai ya auna jini, ya ga sukari ya hau, ya ƙara ƙwaya, ya yi faɗa a kan abinci, ya kira na gaba. Ba laifinsa ba ne duka, domin gajiya da rama da rashin barci alamu ne na cututtukan biyu gaba ɗaya. Faɗuwar sukari ƙasa, wadda gilibenkilamaid da insulin sukan jawo musamman ga mai azumi, ita ma tana zuwa da rawar jiki da faɗuwar gaba da saurin fushi. Akwai kuma gajiyar zuciya da hidimar ciwon kanta, wadda ba ta kai ciwon damuwa ba, maganinta bayani ne da lallashi, ba ƙwaya ba.

Maganin ciwon damuwa yana nan, kuma ba sai an je Dawanau ko Barnawa ko Kware ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, don haka jiran su ɓata lokaci ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon da yi masa magani, an kuma gwada shi a asibitocin unguwa a Ibadan, inda sakamakon 2019 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na majinyatan sun warware cikin shekara. A Zimbabuwe tsofaffin mata aka koya wa sauraro da ba da shawara a kan benci a harabar asibiti, aka tabbatar da amfaninsa a 2016. A Amurka a 2010, da Indiya a 2020, an nuna cewa idan ma'aikaci guda ya riƙa bin sukari da hawan jini da damuwa a tare, sakamako ya fi kyau a kan a raba su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta ba majinyaci haƙƙin a kula da shi ba tare da wulaƙanci ba.

Ƙwayoyin da ake bayarwa sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya don an ji sauƙi. Amitiriftilin yana da araha, yana kuma rage raɗaɗin ƙafa, amma yana sa ƙiba da barci, bai kuma dace da mai ciwon zuciya ba. Fuluwoksetin da satiralin sun fi sauƙi ga mai sukari. Zaɓi na likita ne, ba na mai kemis ba. Iyali kuwa in suka ji majinyaci yana cewa gara ya huta, ko ya gaji da duniya, kada su ɗauka zancen tsufa ne. A kai shi asibiti a ranar, a kuma karɓi ajiyar insulin da ƙwayoyi daga hannunsa, wani ya riƙa ba shi.

Saura aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe. Akwai takardar tambayoyi tara da aka fito da ita a Amurka, aka tabbatar da ingancinta a 2001, wadda ake cikewa cikin 'yan mintoci, wanda ya sami maki 10 ko fiye sai a duba shi da kyau. Amma tambaya ba ta aiki sai ta shiga kunne yadda aka nufa. In ma'aikaciya a babban asibitin Dutsin-Ma ta ce wa dattijo, "Baba, kana da damuwa?" dariya zai yi. In kuwa ta ce, "Baba, yaushe rabonka da majalisa? Kana fita ciyayya? In ka farka tsakar dare, barci yana dawowa?" to, zai tsaya ya yi lissafi. Dattijuwa kuma a tambaye ta rabonta da gidan suna ko biki, da ko har yanzu tana yin 'yar sana'arta, da ko hayaniyar jikoki ta fara gundurarta. Yawanci ɗan rakiyar da ke tsaye a bakin ƙofa shi ne zai riga ta amsawa.